Wasiƙa: Cocinmu ya iya addu'a, ya manta da tafiyar ƙasa

Zuwa ga Edita,

Salama, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ranka ya daɗe ina roƙon ɗan fili a jaridar nan. Ni Kirista ne, dattijo a wata ƙaramar ikilisiya a nan Kaduna, kuma da 'yan uwana masu bi nake magana, amma na san yawancin masu karanta jaridarka Musulmi ne, to suma su saurara dan Allah, don ciwon kusan iri ɗaya ne.

Tun zanga-zangar yunwa ta watan Agustan 2024 ake ta ja-in-ja a majami'unmu, wai ya halatta mai bi ya fita zanga-zanga ko bai halatta ba, wannan ya jawo aya wancan ya jawo aya. Ni gaskiya ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ke damuna shine yaranmu sun daina yarda cewa akwai abin da zai gyaru. Ka zauna da 'yan kwaya bayan sujada ka ɗauko zancen ƙasa, kafin ka rufe baki wani zai ce maka Baba bar wannan maganar, kowa ya samu ci zai yi, ni dai Allah ya bani biza. Yaro ne fa da baya fashin azumi da addu'ar dare, ya haddace ayoyin da ni ban haddace ba, bangaskiya yana da ita, sai dai bangaskiyar tasa duk ta ƙare akan shi kaɗai, ya samu aiki, ya samu mata, ya tsallake. Kuma ban ga laifinsa sosai ba don abin da muka koya masa kenan.

Duk watan Janairu zaka ga fastocinmu da matasanmu suna ta sa hoton Martin Luther King, faston nan da ya jagoranci gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, a Facebook da WhatsApp, ana cewa mai mafarki, mai mafarki, saboda jawabinsa na "Ina da mafarki". Ina so in ɗan tuna mana yadda aikinsa da na mutanensa ya kasance a zahiri, don mafarkin shine mafi sauƙi a ciki.

Ranar 1 ga Disamba 1955 'yan sanda suka kama Rosa Parks a garin Montgomery na jihar Alabama saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shine matar nan ba gajiyar ƙafa ce kawai ta zaunar da ita ba, ta daɗe tana sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta san abin da take yi sarai, kuma kafin ita an kama wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Claudette Colvin a watan Maris na shekarar akan irin wannan laifin. Wato mutanen garin sun daɗe suna shiri. A daren da aka kama Rosa, wata malamar kwaleji Jo Ann Robinson ta kwana tana gurza takardu a inji, dubun-dubata, gari na wayewa aka bi gida-gida da makarantu ana rabawa, cewa ranar Litinin kada baƙar fata ko ɗaya ya shiga bas. Ranar Lahadi fastoci suka maimaita sanarwar a kan bagadi. Litinin 5 ga wata motoci suka riƙa yawo kusan wayam, alhali baƙaƙen fata ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin. Da yamma aka taru a cocin Baptist na titin Holt, ciki ya cika har aka sa lasifika don na waje, a ranar aka ɗora King a gaba, yana da shekara 26, kuma wani ɓangare na dalilin zaɓensa shine baƙo ne a garin bai riga ya yi abokan gaba ba.

Ka san me suka nema da farko? Ba su ma ce a soke wariyar ba. Cewa suka yi direbobi su daina zagin mutane, wanda ya riga zama kada a tashe shi, baƙaƙe su fara cikawa daga baya farare daga gaba, sannan a ɗauki baƙaƙen direbobi a hanyoyin unguwanninsu. Shikenan. Hukumar garin ce ta ƙi ko wannan, shine abin ya girma.

To ga inda nake so masu bi su tsaya su duba da kyau. Mutum zai iya ƙin shiga bas kwana ɗaya don zuciya. Amma mai wanke-wanke a gidan Turawa da ke can wani gefen gari dole ta je aiki gobe da jibi da wata mai zuwa. Da farko masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane akan senti 10, kuɗin bas, sai hukuma ta ce duk direban da ya karɓi ƙasa da kuɗin da doka ta yanka za a ci shi tara. Sai coci ta haɗa motocin membobi, wajen mota 300, aka tsara wuraren ɗauka da wuraren saukewa da lokaci, akwai masu zama a waya tun asuba suna rarraba direbobi. 'Yan sanda suka bi su da takardar tara akan abin da bai kai ya kawo ba, shi kansa King an kulle shi wai ya ɗan wuce ƙa'idar gudu. Majami'u suka sayi manyan motoci da kuɗin baiko aka rubuta sunan coci a jiki, sai kamfanonin inshora na garin suka janye, sai da aka nemo inshora daga Lloyd's na Landan. Waɗanda basu samu mota ba suka taka da ƙafa, cikin sanyi cikin zafi. Sau biyu a mako ana taruwa a coci, a yi waƙa, a yi addu'a, a karanta lissafin kuɗi, a faɗi wanda aka kora daga aiki don a san yadda za a taimake shi.

Akwai wata mata mai dafa abinci, Georgia Gilmore. An kore ta daga gidan abincin da take aiki bayan ta ba da shaida a kotu, sai ta mayar da kicin ɗin gidanta wurin sana'a, ta tara mata suna soya kaji suna gasa kek suna sayarwa a shagunan gyaran gashi da bakin coci, ranar taro ta kawo kuɗin gaban jama'a ta ajiye. Sunayen matan da suka yi aikin a ɓoye suke, don da yawansu a gidajen farare suke aiki, in aka ji za a kore su. Kuɗin man da motocin nan suka sha, wani ɓangarensa daga tukunyar matan nan ya fito. Duk lokacin da na ga matan zumunta namu sun sha anko sun ɗauko tukwane da kacau-kacau sai matar nan ta faɗo min a rai.

Ranar 30 ga Janairu 1956 aka jefa bam a gidan King, matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah ya tsare su. Jama'a suka taru a ƙofar gidan wasu da makamai, ya fito ya ce kowa ya mayar da makaminsa gida. Kuma kada a ɗauka an haife shi da wannan halin ne, a farkon lamarin akwai bindiga a gidansa har ya nemi lasisin yawo da ita aka hana shi, a hankali ya koyi abin, ya kuma koya wa mutane. A watan Fabrairu aka tuhumi wajen mutum 90 da laifin haɗa baki a ƙaurace wa kamfani, maimakon su ɓuya sai suka yi ado suka kai kansu ofishin 'yan sanda jama'a na musu tafi. Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 13 ga Nuwamba 1956 cewa wariya a bas ta saɓa wa tsarin mulki, aka koma shiga mota a ƙarshen Disamba. Kwana 381.

Kuma nasarar ba ta zo da daɗi ba. Rosa Parks ta rasa aikinta na ɗinki, mijinta ma ya rasa nasa, barazana ta yi yawa har suka bar garin suka koma Detroit a 1957. A watan Janairun 1957 aka tada bama-bamai a majami'u huɗu da gidajen fastoci, har da gidan wani fasto farar fata ɗan Lutheran, Robert Graetz, da ya tsaya tare da su.

Yanzu ranka ya daɗe ka faɗa min, wace ikilisiya ce a cikinmu zata iya riƙe abu ɗaya shekara guda cur ba tare da an yi faɗa akan kuɗin kwamiti ba, ko wani babba ya je gidan gwamnati da dare ya dawo ya ce Ubangiji ya yi masa magana a dakata? Mu fa mun iya taro. Mun iya cika filin wasa da mutane kwana uku ana addu'ar buɗin ƙofa. Wahalar da ba a gani a kamara ce bamu iya ba.

A 1963 aka kama King a Birmingham ranar Jumma'a Mai Kyau, 12 ga Afrilu. Yana kurkuku aka shigo masa da jarida, a ciki wasu shugabannin addini farare su takwas sun sa hannu a wata sanarwa, suna cewa zanga-zangar bata dace ba kuma ba lokacinta bane, a bi ta kotu, a yi haƙuri. Ba 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen nan masu kai wa baƙaƙe hari, bane fa, mutanen kirki ne masu son zaman lafiya. Shine ya fara rubuta musu amsa a gefen jaridar don ba shi da takarda. Abin da ya faɗa a taƙaice, wanda ya fi tare musu hanya ba mai ƙona gida bane, mai matsakaicin ra'ayin nan ne da ya fi son a zauna shiru akan a yi adalci, mai cewa na yarda da abin da kuke nema amma ku jira, kuma jiran nan a wurinsu kusan kullum ma'anarsa har abada. Makonni kaɗan bayan haka duniya ta ga an saki karnuka da ruwan kashe gobara akan 'yan makaranta, a watan Satumba kuma bam ya kashe 'yan mata huɗu a cocin titi na 16 ranar Lahadi da safe. Dokar 'yancin jama'a ta zo a 1964, ta 'yancin zaɓe a 1965 bayan dukan da aka yi wa masu tattaki akan gadar Selma.

Na karanta labarin sanarwar mutum takwas ɗin nan sai na ji kamar a ƙarshen Yulin 2024 aka rubuta ta. A makon nan shugabannin addini da yawa, na coci da na masallaci, sun fito suna roƙon matasa kada su fita. A cocinmu Romawa sura 13 aka karanta, kowa ya yi biyayya ga mahukunta don Allah ne ya naɗa su. A benci na gaba da ni akwai wata gwauruwa da na san a makon ta sayar da akuyarta ta ƙarshe ta sayi masara, ta sunkuyar da kai tana cewa amin. Ba a ce mata komai ba game da mudun masara. Ba a ce wa mahukuntan komai ba ko da kalma ɗaya, duk wa'azin kan masu jin yunwa ya sauka.

Ni ban ce a yage Romawa 13 ba. Amma wanda ya rubuta ta, Bulus, shine a Filibi aka yi masa bulala shi da Sila aka kulle su ba shari'a, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, ya ce ina, sun doke mu a gaban jama'a alhali mu 'yan ƙasar Roma ne, su zo da kansu su fitar da mu. Kuma suka zo suka ba da haƙuri. Yana nan a Ayyukan Manzanni sura 16, kowa ya buɗe. Bitrus ya ce wa majalisa dole mu yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Ungozoman Ibraniyawa sun ƙi bin umarnin Fir'auna. Natan ya shiga fada ya nuna Dauda ya ce kai ne mutumin. Yahaya Mai Baftisma kansa aka sare don ya faɗa wa Hirudus gaskiya. Amos cewa yayi Allah ya tsani bukukuwanku da hayaniyar waƙoƙinku tunda kuna tattake matalauta, a bar adalci ya gudana kamar ruwa. Yaushe rabon da ka ji an yi wa'azi daga Amos ranar da ɗan majalisa ya zo bikin godiyar kaka? Ranar nan ai kujera ake ɗauko masa daga ofishin fasto, a sa shi gaba, ya miƙa ambulan, a yi masa addu'a maƙiyansa su faɗi.

Kada kuma a ɗauka duk cocin Amurka ne ya bi King. Ko a cikin baƙaƙen fata, shugaban babbar ƙungiyar Baptist tasu a lokacin, Joseph Jackson, adawa yayi da salon nasa har ƙungiyar ta tsage a 1961. Kuma da King ya wuce maganar bas da ƙuri'a ya shiga maganar talauci da yaƙin Vietnam, musamman jawabinsa na cocin Riverside a New York ranar 4 ga Afrilu 1967, manyan jaridu suka juya masa baya, har wasu abokan tafiyarsa. Tun a 1966 binciken jin ra'ayin jama'a na kamfanin Gallup ya nuna kashi 63 cikin ɗari na Amurkawa basa kallonsa da kyau. Mutumin da ya karɓi kyautar Nobel a 1964 ya miƙa kuɗin gaba ɗaya ga gwagwarmayar. Abin da ya kai shi Memphis inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu 1968 yana da shekara 39, yajin aikin masu kwashe shara ne, su wajen 1,300, bayan motar shara ta matse biyu daga cikinsu sun mutu. Masu kwashe shara fa. Sai da ya mutu aka wanke shi aka goge, a 1983 aka sa hannu a dokar ranar hutu da sunansa, yanzu har waɗanda ke adawa da duk abin da ya tsaya akai suna ɗauko jimla ɗaya daga jawabinsa na 1963 suna ado da ita. Wato can ma wutar ta lafa, ba mu kaɗai bane.

Abin da ke bani mamaki shine daga Amurkar nan kaya iri biyu suka fito, mu kuma muka zaɓi ɗaya. King ya zo Ghana bikin 'yancin kai a 1957, ya zo Legas a Nuwamban 1960 lokacin da aka rantsar da Azikiwe gwamna janar, amma abin da ya kama ƙasa a wurinmu shine wa'azin su Oral Roberts da Kenneth Hagin na garin Tulsa, ka shuka iri ka girbe ninki ɗari, wanda ya shigo ta hannun su fasto Benson Idahosa na birnin Benin ya bazu. Ya kuma zo daidai lokacin da ƙasa ta shiga matsi, shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986, naira ta faɗi, daga baya masaƙun Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, mai digiri ya koma achaɓa. Mutumin da ya ga gwamnati bata da amfani, ƙungiyar ƙwadago ta yi sanyi, sai ga wani ya ce masa matsalarka ba ta ƙasa bace, wata tsohuwa ce a ƙauyenku ta ɗaure maka ƙafa, kawo iri in kwance. Dole ya saurara. Kuma wa'azin bai tsaya a sabbin majami'u ba, ya shigo har tsofaffin namu na Arewa masu sujada da Hausa, yanzu kowa maganar buɗi yake. Idan talauci aikin mayu ne to gwamna ba shi da laifi kenan, shi yasa 'yan siyasa ke son irin wannan wa'azin.

Iyayenmu da suka karɓi bishara a Wusasa da Vom da Garkida, abin da suka gani da idonsu shine asibiti da makaranta da wurin kula da kutare, kuma ba a tambayar addinin mara lafiya a bakin ƙofa. Ina sane da cewa mishan suna da nasu laifin, tare da Turawan mulki suka zo kuma wasunsu sun raina mutane. Amma yau ikilisiya zata tara kuɗin zakkar mai sayar da ƙosai ta gina jami'a, 'yar mai ƙosan bata isa ta leƙa ƙofar ba. Yaro yana gani. Ba sai ka yi masa wa'azin cewa kowa tasa ta fisshe shi ba, ya riga ya gani a gininmu.

Ba wai bamu taɓa fita ba. A watan Mayun 2018 Katolika sun yi tattaki a garuruwa da dama bayan kashe limamai biyu da masu sujada a Mbalom ta jihar Binuwai, ranar 1 ga Maris 2020 kuma bishop-bishop suka fito Abuja cikin baƙaƙen kaya akan kashe-kashe. Na yaba, kuma ya kamata. Sai dai lura, mun fi fita idan namu aka taɓa. Idan Zamfara ce ko Katsina ko Sokoto, inda yawancin waɗanda ake kashewa Musulmi ne, sai mu yi shiru, su ma idan Kudancin Kaduna ne ko Filato sai su yi shiru, kowa na ƙirga gawarsa. Lokaci ɗaya da na tuna mun tsallake wannan shine Janairun 2012, da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, a Kano Kiristoci suka kewaye Musulmi suna sallah a filin zanga-zanga, Musulmi suka je suka tsaya bakin majami'u ranar Lahadi. Gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Ba a gina komai akan wannan ba, sati biyu aka watse, kafin wata ya ƙare harin Boko Haram na 20 ga Janairu ya girgiza Kano kowa ya koma raminsa.

Zan yi wa fastocinmu adalci a nan. Tsoronsu ba na banza bane. Wanda ya ga Kaduna a 2000 da 2002, ko Jos a 2001, ya san yadda taro kan fara da kwali ya ƙare da gawa a masallaci da coci, ya san akwai masu jira a gefe da fetur. Ya ga harbin masu zanga-zanga a Lekki ta Legas a Oktoban 2020. Ya ga yadda Agustan 2024 ya ƙare da fashe-fashe a wasu wurare da harbi, har ga yara ƙanana an kai su kotu a Abuja a farkon Nuwamba wasu na faɗuwa don yunwa. Ba uban da zai so ɗansa a ciki. Kuma mutanen Montgomery suna da kotun tarayya da hukuncinta ke aiki, mu kuwa sai a hankali. Duk na yarda.

Amma ai shi yasa na daɗe akan Montgomery. Ba a ƙona taya ko ɗaya ba, ba a ma yi tattaki a titi ba, ƙin shiga mota kawai aka yi, kuma coci ce ta tsara, ta ciyar, ta horar. Kafin a koma bas har jera kujeru aka yi a cikin coci ana gwaji, wannan ya zama direba wancan ya zama mai zagi, ana koya wa mutum yadda zai yi idan an ture shi. Mu kuma sai mu ƙi tsarawa, mu ƙi horarwa, mu bar yara su fita ba shugaba ba manufa ɗaya, idan ta ɓaci mu ce kun gani ai mun faɗa muku. Idan fita titi haɗari ne to ina ɗayar hanyar da muka kawo? Addu'a muka ce. Mutanen can ma sun yi addu'a, sau biyu a mako, sannan da safe suka ɗaura takalmi.

Kayan aikin duk muna da su, har mun fi su. Zumuntar mata tana da rajista, tana da ma'aji, tana da adashe, tana iya tara mata dubu a gari ɗaya su kwana uku a ciyar da su ba a rasa ko cokali ba, ba jam'iyyar da ta kai su tsari. Muna da matasa, muna da lauyoyi da nas-nas da malaman makaranta a kan benci kowace Lahadi. A ɗauki abu ɗaya ƙarami kamar yadda suka yi. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa da ba magani ba ma'aikaci da dare. Ko firamaren da yara ke zama a ƙasa. Ko 'yan fansho, ko matan da ke share mana titi da asuba ana riƙe musu ɗan abin da ake basu. A je a nemo abin da aka ware a kasafin kuɗi, a rubuta, a gayyaci limamin masallacin unguwa da matan Islamiyya tun daga ranar farko don asibitin nasu ne suma, a riƙa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma kowace Litinin a zauna cikin ladabi, ba zagi ba jifa, wata ɗaya, wata shida, har sai an gaji da ganinmu. Sharaɗi ɗaya ne mai wuya, duk wanda ke cikin kwamitin ba zai karɓi ambulan ba, ba zai karɓi kujerar Urushalima ba, ba za a ba ɗansa aiki a tsakiyar maganar ba. Nan ne ake yawan karya mu.

Na kai wannan shawara gaban dattawan ikilisiyarmu. Wani ya ce siyasa ce, wani ya ce shugaban ƙaramar hukumar ya yi mana alkawarin kwanon rufi kada mu ɓata, aka ce a sa cikin addu'a. Matan zumunta ne kawai suka tambaye ni wace Litinin za a fara.

Ina roƙonka ranka ya daɗe ka buga wannan yadda take, kuma ka buɗe wa rabaran-rabaran da malamai fili su bani amsa a wannan shafin, musamman waɗanda suka hau mumbari a Yulin 2024 suka ce kada a fita. Su faɗa mana abin da suka tsara a madadin fitar, da inda aka kwana.

Naka mai karatu,
Wani dattijon ikilisiya, Kaduna.